Kwamfutar Talabijin a Gidajen Zamfara: Lissafin Wuta, Zafi da Data Kafin a Fitar da Kuɗi

Allon talabijin ya fi ƙwaƙwalwar da aka saka masa tsawon rai. Talabijin ɗin zamani da magidanci ya saya shekaru shida ko bakwai da suka wuce tana iya nuna hoto tangaram har yau, amma manhajar YouTube da ke cikinta ta fara jan ƙafa, kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa, kuma idan aka soka mata filashi sai ta buɗe wani bidiyon ta ƙi wani, ko ta nuna hoto babu murya. Daga nan ne dabarar kwamfutar talabijin ta samo asali: a bar allon ya ci gaba da aikinsa na nuna hoto, a ɗauke masa aikin tunani a ba wata ƙaramar kwamfuta da za a ajiye a gefensa, a haɗa su da wayar HDMI, a riƙa sarrafa ta daga kan kujera kamar yadda ake sarrafa dikoda.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 2002 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows mai ɗauke da Media Center saboda wannan aiki, ya kuma yi watsi da shi lokacin da Windows 10 ta fito a 2015. Manhajar da ta gaji fagen ita ce Kodi, wadda masu sha'awa suka fara rubutawa domin na'urar wasa ta Xbox da sunan XBMC, kafin a sauya mata suna a 2014. Sai dai mafi yawan shawarwarin da ake bayarwa a kan irin wannan kwamfuta an tsara su ne domin gidajen Amurka da Turai, inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba shi da iyaka, ɗaki kuma yana da sanyi. Mutumin Gusau ko Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara da ya bi su yadda suke zai kashe kuɗinsa a kan ƙarfin inji, alhali abubuwan da za su yanke hukuncin ko na'urar za ta yi masa amfani su ne wutar da take ci, zafin da take iya jurewa, da kuma ko tana iya aiki ranar da babu sabis.

Kafin komai, ba kowa ne ke buƙatarta ba, kuma gara a faɗi haka tun da wuri. Wanda burinsa kallon ƙwallon Firimiya ne, dikodarsa ta biyan kuɗi ta ishe shi, domin tashoshin DStv da GOtv da StarTimes a kulle suke, kwamfuta ba ta buɗe su. Wanda kuma YouTube da Netflix kawai yake so, ƙaramar na'ura ta asali irin su Fire TV Stick ko Google TV Streamer ko akwatin Xiaomi ta fi masa sauƙi da araha, har ma ta fi kwamfuta fitar da hoto mai kyau a Netflix, saboda kamfanonin fina-finai suna taƙaita ingancin hoto a kan na'urar da ba su amince da tsaronta ba. A kan Linux, alal misali, hoton Netflix sau da yawa ba ya wuce mai layi 720. Kwamfutar talabijin ta wanda ya tara kayan kallo da na sauraro ce: tafsirin watan azumi na shekaru, karatun Alƙur'ani na makaranta daban-daban, darussan yara, bidiyon biki da suna da saukar karatu, hotunan iyali da suka warwatsu a wayoyi uku ko huɗu, da fina-finan da aka saya. Matsayinta a gida matsayin rumbu ne, ana zuba masa lokacin da aka samu, ana ɗiba lokacin da babu.

Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin darajar wannan. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni babu kira babu data, kuma duk na'urar da rayuwarta ta dogara da intanet ta zama kayan ado. Ko babu irin wannan rufewa, lissafin data kaɗai ya isa hujja. A ƙiyasin Netflix da kansa, awa guda ta kallo tana cin kimanin GB 1 a matsakaicin hoto, har zuwa GB 3 a hoto mai layi 1080, har zuwa GB 7 a 4K. Gidan da ke kallon awa biyu kowane dare a hoto mai layi 1080 zai iya cinye GB 180 a wata, wannan kuwa bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata ba na kowane magidanci ba ne. Abin da aka ajiye a gida sau ɗaya ake biyan datarsa, yaran kuma su maimaita zanen barkwancinsu sau hamsin ba tare da an ƙara kwabo ba.

Akwai akwatunan Android marasa suna da suka cika shagunan waya, waɗanda ake tallatawa da cewa suna da RAM mai yawa, suna nuna 8K, suna kuma buɗe tashoshi kyauta. Alƙaluman da ke jikin kwalinsu sau da yawa ba su ne ke cikinsu ba, kuma matsalar ba ta tsaya nan ba. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ke zuwa a cikin irin waɗannan akwatuna, wani lokaci tun kafin su iso hannun mai saye, kamfanin Google kuma ya ce na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Akwatin da ke amfani da datar mai gida a ɓoye domin aikin wasu ba araha ba ne, ko nawa aka sayar da shi.

Idan an yanke shawarar sayen kwamfutar, abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne yadda take warware bidiyo. Kowane bidiyo a matse yake, kuma hanyoyin matsewar sun bambanta. H.264, wadda ta fito a 2003, ita ce ta fi yaɗuwa, kusan kowace na'ura tana gane ta. H.265, wadda ake kira HEVC, ta zo a 2013, tana ba da hoto iri ɗaya a kusan rabin girman fayil, shi ya sa yawancin bidiyon 4K da na sababbin wayoyi suke zuwa da ita. YouTube kuma yana amfani da VP9 da AV1. Kwamfuta tana iya warware waɗannan ta hanya biyu: ko dai furosesa ya yi aikin da ƙarfin tsiya, ya yi zafi, fanka ta yi ta ƙara, hoto ya riƙa tsayawa, ko kuma wani ƙaramin sashe da aka gina musamman domin haka ya yi shi cikin ruwan sanyi da 'yar wuta kaɗan. Samuwar wannan sashe ba ta da alaƙa da sunan i3 ko i5 ko i7, tana da alaƙa ne da shekarar da aka ƙera furosesan, wato zubinsa, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. A furosesan Intel, zubi na shida yana warware H.265 mai sauƙi, zubi na bakwai, wanda ya fito tsakanin 2016 da 2017, shi ne ya fara warware mai zurfin launi na bit 10 da kuma VP9 gaba ɗaya, AV1 kuwa sai daga zubi na goma sha ɗaya.

Sakamakon wannan shi ne i3 na zubi na bakwai ya fi i7 na zubi na uku amfani a gaban talabijin, duk da cewa mai shago zai fi ɗaga murya a kan na biyun. Gane zubin ba shi da wuya: lambar farko bayan ɗan layi ita ce take faɗa, i5-6500T na shida ne, i5-7500T na bakwai, i5-8500T na takwas, harafin T na ƙarshe kuma yana nuna nau'i mai ƙarancin cin wuta, wanda aka tsara a kan wat 35. Wanda yake son ci gaba da Windows yana da ƙarin dalilin neman na takwas, domin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa, in ban da 'yan kaɗan.

Hanya mafi dacewa da aljihun yawancin mutane, a ganina, ita ce ƙananan kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga waje: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba, an ƙera su domin su yini a kunne, kuma kayan gyaransu irin na laftof ne, waɗanda masu gyara a Gusau suka saba da su. Wanda bai samu a gida ba zai samu a Kano, a titin Beirut ko Farm Centre, ko ya aika Computer Village da ke Ikeja. Sababbin ƙananan kwamfutoci masu furosesa Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023, sun fi su ƙarancin cin wuta, suna kuma warware har AV1, sai dai da yawansu na ƙananan kamfanoni ne, idan allon cikinsu ya ƙone ba a cika samun mai gyara ba. Raspberry Pi 4 na 2019 da Pi 5 na 2023, 'yan kwamfutoci masu girman tafin hannu, suna nuna H.265 a 4K da wutar da ba ta kai ta ƙwan fitila ba, amma kafin a haɗa kuɗin cajarsu ta musamman, da akwatin da ake saka su ciki, da memori, da wayar micro HDMI, farashin yakan kamo na kwamfutar ofis ta hannu. Haɗa babbar kwamfuta daga tushe, a sayi allon ciki da katin hoto da akwati daban-daban, yana da ma'ana ne kawai ga mai son manyan wasannin bidiyo ko mai son cusa faifai huɗu ko biyar a ciki. Akwai kuma abin da ake mantawa da shi a cikin durowa: tsohuwar laftof mai fasasshen allo. In dai zubinta ya kai kuma batirinta yana riƙe ko da minti ashirin, ta zo da kariyarta daga ɗaukewar wuta, abin da sauran duka sai an saya musu daban.

Batun wuta shi ne inda ya kamata a fi daɗewa. A gidan da ke kan sola da inbata, kowane wat awa ce ta kallo ko ta fanka. A ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya 100: a takarda yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma batirin ruwa da ake son ya daɗe ba a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600. Idan talabijin tana cin wat 70, ƙaramar kwamfuta tana cin 10, jimla 80 ke nan, batirin zai kai awa bakwai da rabi. Idan aka maye gurbinta da tsohuwar babbar kwamfuta mai katin hoto da ke cin wat 130, jimla ta zama 200, awa uku kacal, tun kafin a cire abin da inbata ke ci da kansa. Kwamfutar da aka samu kyauta a ofis tana iya zama mafi tsada a gida ta wannan hanya.

Sannan akwai yadda wutar take zuwa da yadda take tafiya. Ɗaukewa ba sallama tana iya lalata fayilolin Windows, musamman idan ta faɗo a tsakiyar sabuntawa, kuma faifan HDD, mai allura da ke yawo a kan faranti mai juyawa, ba ya son a yanke masa wuta yana cikin rubutu. Saboda haka tsarin kwamfutar ya zauna a kan faifan SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ko da mai GB 128 ne, kuma idan gidan ba shi da inbata a sayi ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ba domin a ci gaba da kallo ba, sai domin a samu mintunan kashewa cikin tsari ko na tayar da janareto. Dawowar wuta ta fi ɗaukewarta haɗari, domin takan zo da ƙarfin da ya wuce bolt 230 da aka tsara. Na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta, irin wadda ake saka wa firij, tana da araha idan aka kwatanta da talabijin da kwamfuta tare. Adaftar kwamfutocin Dell da HP bolt 19.5 take fitarwa, ta Lenovo 20, kuma jabun adafta na cikin abubuwan da suka fi kashe su, don haka a nemi ta asali ko da ta hannu ce. Wasu masu N100 suna aiki da bolt 12, abin da ke jan hankalin mutum ya haɗa su kai tsaye da batirin sola. Kada a yi haka sai da na'urar daidaita wuta a tsakani, domin batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 14 lokacin caji. Da damina kuma, tsawa ba ta soket kaɗai take shigowa ba, tana bin wayar dish zuwa dikoda, daga dikoda ta bi HDMI zuwa talabijin, daga nan ta kai ga duk abin da ke haɗe da ita. Idan hadari ya haɗu, zare wayoyin ya fi duk wata na'urar kariya.

Zafin bazara a nan, daga Maris zuwa Mayu, yakan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano babu silin kuwa ya fi haka. Kwamfuta idan ta ji zafi rage gudu take yi domin ta kare kanta, Raspberry Pi yana fara hakan a wajen digiri 80, kuma alamar ita ce bidiyon da ya fara lafiya sai ya riƙa tsinkewa bayan rabin awa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kulle ta a cikin kabad mai ƙofar gilashi, ko lulluɓe ta da ƙyallen ado kamar yadda ake yi wa dikoda domin ƙura. Iska take buƙata ta gaba da ta baya. Ƙurar hunturu kuwa tana taruwa a fanka da ramukan iska har ta zama kamar auduga, saboda haka a ƙarshen kowane hunturu, kafin zafi ya kankama, a buɗe ta a hure, kuma idan ta hannu ce a sa mai gyara ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, domin na asali ya daɗe da bushewa. Kwamfutoci marasa fanka ba sa ƙara kuma ba sa zuƙar ƙura, amma gangar jikinsu ce ke fitar da zafin, a ɗakin da ba shi da sanyi kuwa mai fanka ta fi ba ni kwanciyar hankali.

Wajen haɗawa da talabijin, a fara da duba ramin da ke bayan kwamfutar. Da yawa daga cikin na ofis DisplayPort suke da shi, wanda ya yi kama da HDMI amma ba shi ba ne; ƙaramar adafta tana magance wannan a hoto mai layi 1080. 4K ne ke da sharuɗɗa: HDMI 1.4 yana kai shi ne a hoto 30 cikin daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ke kai 60, kuma tsofaffin kwamfutocin ofis sau da yawa na farkon suke da shi. Amma kafin a damu da haka, a tambayi talabijin ɗin kanta. Yawancin masu inci 32 ɗigonsu 1366 sau 768 ne, ba su ma kai 1920 sau 1080 ba, balle 3840 sau 2160 na 4K, kuma a allo mai inci 43 da ake kallo daga ƙarshen falo, ido ba ya rarrabe 1080 da 4K. Abubuwa biyu da ba sa cin kuɗi sun fi wannan gyara hoto. Na farko, a kashe saitin talabijin da ke yanke gefunan hoto. Na biyu, a kunna zaɓin Kodi da ke daidaita bugun allo da na bidiyo, domin fina-finan silima hoto 24 suke tafiya a daƙiƙa, shirye-shiryen talabijin na ƙasar nan suna kan tsarin 50, kwamfuta kuma ta saba da 60, rashin jituwar nan ce ke sa hoto ya riƙa ɗan tsalle idan kyamara tana juyawa.

Sauti ba ya buƙatar dogon bayani. HDMI yana ɗauke da shi zuwa talabijin, daga can a fitar da shi zuwa sifikokin gida ta ramin HDMI mai alamar ARC ko wayar optikal. Idan murya tana nutsewa a ƙarƙashin kiɗa, yawanci fim ne mai tsarin sifika shida ake kunnawa a kan biyu, sai a gaya wa Kodi adadin sifikokin da ake da su.

Ana iya saka wa kwamfutar na'urar kama tauraron ɗan'adam ta DVB-S2, ta kama tashoshin kyauta, manhajar Tvheadend kuma ta riƙa naɗar shiri a lokacin da aka tsara mata, misali tafsirin da ake nunawa lokacin da mai gida yake kasuwa. Abin yana aiki, amma saita shi yana cin lokaci, na'urar ba ta yawaita a kasuwanninmu ba, kuma dikodar kyauta mai ramin USB tana yin naɗin da kuɗi kaɗan. Sai mai sha'awar ƙwaƙule-ƙwaƙule zan ba shawarar ya shiga.

A ɓangaren manhaja, zaɓin yana tsakanin Windows da LibreELEC, wani ƙaramin tsarin Linux da ya fito a 2016 wanda ba shi da aiki sai tayar da Kodi. LibreELEC yana tashi cikin daƙiƙoƙi, RAM na GB 4 ya yi masa yawa, ba ya tsayar da kallo domin sabuntawa, kuma tun da ainihin tsarinsa a kulle yake ba a rubutu a kansa, ya fi jure ɗaukewar wuta. Rauninsa shi ne YouTube da Netflix ba sa tafiya a kansa cikin sauƙi. Windows tana buƙatar GB 8, tana buɗe komai ta burauza, ɗalibin gida kuma zai iya yin aikin makaranta da ita, amma rubutunta ƙanana ne daga nesa kuma dole sai da kibod. Kodi yana iya ɗauko hoton fim da bayaninsa daga intanet, sai dai ma'ajiyar bayanan da yake dogara da su ba su san yawancin fina-finan Hausa da wa'azuzzuka ba, don haka tsara manyan fayiloli da hannu, malami da shekara, biki da sunan gida, ya fi amfani. Yana kuma da kulle mai lamba, wanda zai raba abin da yara za su buɗe da na manya. Idan aka ƙara manhajar Jellyfin, wadda kyauta ce, kwamfutar za ta riƙa tura bidiyo zuwa wayoyin gida ta Wi-Fi, uwargida ta saurari karatu a ɗakinta yara suna kallo a falo, ba tare da an taɓa data ba.

Kodi halal ce a doka, amma ƙarin manhajojin da wasu ke cusa mata domin satar tashoshi da fina-finai ba haka suke ba, yau suna aiki gobe sun mutu, wasu kuma suna ɗauke da cuta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Ko ba don doka ba, satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, har masu shirya fina-finai da yawa suka koma YouTube, inda kallo a tasharsu ta asali shi ne abin da ke biyan su.

Game da ajiya, faifai mai TB 1 zai ɗauki fina-finai kusan 450 masu GB 2 kowanne, sauti kuwa kusan ba ya cin wuri, domin awa guda ta MP3 mai ingancin da ya ishi magana ba ta wuce MB 30 ba, tafsirin azumi guda na awa biyu kullum bai kai GB 2 ba. A tsara faifan a exFAT ko NTFS, saboda FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4. Fim idan ya ɓace ana sake samunsa, bidiyon auren da aka yi shekara goma sha biyar da suka wuce, mai ɗauke da fuskokin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ba a sake samunsa. Irin wannan a ajiye shi a faifai biyu, na biyun a cire shi daga wuta a sa a durowa.

Saura rimot, wanda masu haɗa irin wannan na'ura suke rainawa, alhali shi ne ke sa iyali su karɓe ta ko su koma wa dikodarsu. Mai gida da ya haɗa ta ya san inda komai yake, amma ba shi ne ke yini a falo ba. Idan Hajiya ko ƙaramin yaro ba za su iya kunna ta su kai ga abin da suke so da maɓalli huɗu ko biyar ba, aikin bai kammala ba. Akwai tsarin CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync, da ke ba rimot ɗin talabijin damar sarrafa abin da ke haɗe da ita ta HDMI. Raspberry Pi yana da shi, yawancin kwamfutocin ofis ba su da shi. Madadinsa shi ne ƙaramin rimot mai kan USB da kibod a bayansa, ko manhajar Kore a wayar Android. A cikin BIOS kuma, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin tsarinta ya tashi, akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, wanda ke da amfani idan an maƙale ta a bayan talabijin inda hannu ba ya kai wa, da sharaɗin akwai na'urar jinkirta wuta a gabanta.

Ranar saye, a tafi shago da filashi mai ɗauke da bidiyo uku ko huɗu, ciki har da mafi nauyin da ake da shi na H.265, da wayar HDMI ta gida. A sa mai shago ya haɗa kwamfutar da talabijin, ba da ƙaramin allon teburinsa ba, a tabbatar murya tana fita ta HDMI, a bar bidiyon ya yi minti goma sha biyar ana sauraron fanka ana taɓa jikinta. A karanta lambar furosesa da adadin RAM daga cikin tsarin kwamfutar maimakon takardar da aka manna a jiki, a gwada kowane ramin USB, a shiga BIOS a ga ko ofishin da ya yi amfani da ita ya bar mata kalmar sirri, a duba ko agogonta yana riƙe lokaci, in ba ya riƙewa ƙaramin batirin CR2032 ne ya mutu, sauya shi kuma ba tsada. Wi-Fi ba ya cikin dukkan kwamfutocin ofis, a tambaya. Idan saƙo za a yi daga Kano ko Legas, a nemi hoton bayan kwamfutar da na lambar furosesa a kan allo kafin a tura kuɗi, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a jikin rasit.